Idan Maigida Ya Yi Sammako Zuwa Birni

Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na Kaya da Maradun, da na Bakura da Talata Mafara, da kuma waɗanda zama ya kai su gefen Gusau. Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai goyo ta gyara goyonta, kunne kawai muke roƙo.

Yau maganarmu a kan gidan da maigida ke fita tun da asuba zuwa birni neman abinci, ba ya dawowa sai duhu ya yi, wani ma sai ƙarshen mako. Irin waɗannan gidaje sun yi yawa a ƙasarmu. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996, Gusau ta zama babban birni, ofisoshi suka taru a can, kasuwa ta buɗe, haya da fili kuma suka yi tsada a tsakiyar gari. Ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwa sai suka nufi gefe, irin su Damba da Tsunami da Unguwar Gwaza, inda mutum zai iya sayen ɗan fili ya kewaye. Wasu kuma suka bar iyali a garinsu na haihuwa, su suna ta zirga-zirga a hanyar da ta bi ta Maru da Bunguɗu. Daga baya rashin tsaro ya ƙara koro mutane daga ƙauyuka, suka zo suka kama haya a bakin garin Talata Mafara ko na Gusau. Haka abin yake a Kano, mutum yana kwana a Rijiyar Zaki ko Mariri, rumfarsa kuwa tana Kantin Kwari.

Ban kawo wannan magana don a ga laifin maza ba. Mutumin da ya tsaya a tasha cikin sanyin hunturu yana jiran mota ta cika, don ke da 'ya'yanki ya tsaya. Kuma kuɗin mota ya zama wata hayar ta biyu. Kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta wuce 500, a 2024 kuwa ta haura 1,000 a wurare da yawa. Mu ɗauki misali kawai, a ce zuwa da dawowa yana cin naira 1,000 a rana. Kwana 22 na aiki ya zama 22,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Kin ga kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi a hanya, tun ba a sayi ko mudun gero ba. Saboda haka in kuɗin cefane ya ragu, kafin ki ce ko ya fara neman wata ne, ki fara tambayar nawa mota take.

To amma abin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne wunin da kike yi ke kaɗai.

Tafiyar maza ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun yi cin rani, sun yi fatauci, sai a yi wata uku ba a ga mutum ba. Sai dai a wancan lokaci mace tana cikin gandu. Ga suruki a zaure, ga uwar miji a ɗakinta, ga ƙannen miji da matansu. In gishiri ya ƙare akwai mai bayarwa, in yaro ya yi zafi akwai babban da zai ce a tashi a tafi. Yanzu fa? Amarya ce a sabuwar unguwa, gidan dama kango ne, na hagu ba a riga an tare ba, maƙwabciyar da ke kusa ma ba ta san sunanta ba. Maigida ya ja ƙofa ya tafi, shi ne mai zuwa kasuwa, shi ne mai kuɗi, shi ne mai ba da izini. Dukan ukun sun shiga mota sun tafi tare da shi.

Cefane mai sauƙi ne, ana iya shirya shi tun da dare. Ku zauna bayan Isha ku yi lissafi, abin da ba ya lalacewa a saye shi a dunƙule. Wanda yake kusa da Talata Mafara ya san ranar Talata ce ranar kasuwa, kuka da kuɓewa busassa da daddawa da barkono duk za su yi sati ba su ce komai ba. Kuɗin 'yan ga-ruwa da na itace a ware su daban. Wannan kowace mace mai dabara ta sani, ba sai na daɗe a kai ba.

Izini shi ne babba. 'Yan uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Akwai matan da suka rasu, akwai jariran da aka rasa, alhali asibiti bai yi nisa ba, dalili kawai an zauna ana jiran maigida ya dawo ya ce a tafi. Naƙuda ba ta san yana Gusau ba. Ma'aikatan lafiya sun ce zubar jini bayan haihuwa na iya ɗauke mace cikin awa biyu in ba a tsayar da shi ba. Daga Gusau zuwa Talata Mafara kaɗai tafiyar sama da awa guda ce, ban da jiran mota ta cika, ban da shingayen bincike, balle a ce mutum sai ya ƙarasa Maradun ko Kaya. Ki lissafa da kanki. Haka mai ciki da ta fara jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi. Haka naƙudar da ta wuni ko ta kwana, wato ta wuce awa 12, irin wadda ke bar wa mace yoyon fitsari. Haka yaron da zazzaɓi ya sa shi taune-taune, ko gudawa da amai suka zurma masa ido ya kasa kama nono. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran Magariba.

Maganin kuwa ba ya cin ko kwabo. Ki nemi izinin tun yau, lokacin da kowa ke lafiya. Ki zaɓi lokaci, kada ki tare shi a bakin ƙofa da ƙurar hanya a jikinsa. Bari ya yi wanka, ya ci tuwo, ya miƙe ƙafa. Sannan ki ce, "Malam, akwai abin da ke damuna. Kai kana wuni a can, ni ina nan da yara. In Allah Ya kawo lalurar asibiti ba ka nan, ka yarje mini in fita? Wa kake so ya raka ni?" Ki bar shi ya zaɓi mutumin da kansa, ko ƙaninsa, ko Gwaggo, ko matar liman. Kuma ki roƙe shi ya faɗa da bakinsa a gaban mutumin, ya kuma sanar da Inna, mahaifiyarsa. Wannan na ƙarshen kada ki yi wasa da shi. Sau da yawa miji ya yarda, amma ranar da abin ya faru sai tsohuwa ta ce ita ba ta ji ba, a jira shi. Ba mugunta ce ta sa ta ba, tsoron ɗaukar nauyi ne. In ta ji daga bakin ɗanta, ita za ta fara ɗauko mayafi.

Wata za ta ce, kada wannan ya zama karya kulle. A'a. Fita da izinin miji ce, izinin ne kawai aka karɓa da wuri. Ki tambayi malamar Islamiyyarku ko limamin unguwa, za su gaya miki matsayin ceton rai a addini. Ni ban taɓa jin malamin da ya ce a bar mace ta mutu a ɗaki don mijinta yana kasuwa ba.

Wata kuma za ta ce, ai ga waya, in abu ya taso sai in kira shi. Madalla da waya, ta rage wahala ƙwarai. Amma mutanen Zamfara sun ga ranar da waya ta zama dutse. A farkon Satumbar 2021, kwana kaɗan bayan an ɗauke ɗaliban makarantar sakandaren Kaya, aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, a lokacin kuma kasuwannin mako suna rufe, an taƙaita hawan babur da dare. An yi makonni mutum ba ya jin muryar iyalinsa sai ya zo da ƙafarsa. Ko ba wannan ba, caji yana ƙarewa, kati yana ƙarewa, mai aikin ofis yana shiga taro ya kashe waya, leburan gini kuma wayarsa tana aljihun rigar da ya rataye. Izinin da ke cikin waya yana iya makalewa, wanda aka ba ki baki da baki yana nan tare da ke.

Izini kuma ba ya tafiya sai da kuɗi. A ajiye wani abu a gida wanda sunansa kuɗin lalura, tsabarsu, ba a asusun banki ba. Waɗanda suka ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 sun san abin da nake nufi, kuɗi na cikin waya amma mai mota ya ce sai a hannu. Ba sai sun yi yawa ba, abin da zai kai ki asibiti ya yanki kati ya sayi maganin farko. Ki sa su inda ke da shi kuka sani. Nan fa sai mun yi wa kanmu faɗa. Dillaliya za ta shigo da atamfa mai kyau, bikin 'yar ƙawa zai taso, zubin adashe zai zo. Ki ɗauka kuɗin nan ba naki ba ne. In kika taɓa su sau ɗaya maigida ya gane, ba zai ƙara ajiyewa ba, kuma yana da gaskiya. Mai sana'ar cikin gida, ko ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula ko kitso, in ta iya tara nata daban, ya fi.

Sai abin hawa. A sabuwar unguwa, Keke Napep ba ya shiga lungu sai an kira shi, da damina ma wani lungun ko an kira ba ya shiga. Maigida ya yi magana da direba ɗaya ko biyu na unguwa, waɗanda ya yarda da su, a rubuta lambarsu a bangon ɗaki ko a bayan katin awo, yaro ma ya san gidansu. A shekarun baya an yi wani shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW a Zamfara da wasu jihohin Arewa, inda direbobi ke ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti cikin gaggawa. Ya tambaya a tasharku ko akwai masu yin haka. Mai ciki kuma, da zarar wata tara ya kama, kayanta su kasance a ɗaure: zannuwa, kayan jariri, katin awo.

Akwai wani nauyi da ke faɗawa kan wadda ba ta da bakin magana, wato 'yarki. Da yake maigida ba ya nan, ke kuma ba ki fita, sai yarinya 'yar shekara tara ta zama ita ce ƙafar gidan. Ita ce niƙa, ita ce sayo magi, ita ce talla, har makaranta ta gagara. A tsohuwar unguwa kowa ya san 'yar wane ce, in ta yi nisa akwai mai kora ta gida. A gefen gari kuwa kangaye ne da gonaki da baƙin fuska. Ki tara aikenki ya zama sau ɗaya, bayan an taso makaranta, da rana tsaka, kuma su tafi su biyu. Abin da zai kai ta bakin titi ko tasha, a bar wa babanta ya taho da shi.

Maƙwabciya kuma ki neme ta, ko ta kan katanga ce. Ki aika mata da ɗan abin da kika dafa, ki san sunan 'ya'yanta. Ba don gulma ba, don ranar da za ki buga katanga ki ce, "Maman wance, taimaka." Ki nemi maigida ya san mazan layin, ya riƙa sallar Asuba da su ko da sauri yake yi.

Ga matan da mazansu ke kwana a birni sai Juma'a su dawo, ina da roƙo ɗaya. Kun san halin hanyoyinmu. In ya kira da La'asar sakaliya ya ce bai samu mota ba, kada ki ce masa ko ta yaya ya taho. Ki ce ya kwana, ya taso da hantsi. Fushin kwana ɗaya yana wucewa. In kuwa kwanan ki ne ya faɗa a ciki kuma kina da abokiyar zama, wannan a zauna a daidaita shi tun kafin ya faru, yadda ba wadda za ta ga an ci haƙƙinta.

Lokaci ya yi mana halinsa. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu kawo ma'aikaciyar lafiya ta yi mana bayanin awon ciki, da abin da ake dubawa a kowane zuwa. Mai tambaya ta ba maigida ko yaro takarda ya kawo mana. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.