Rinjayen Ƙuri'a da Hakkin Tsiraru: Jawabi a Kan Hangarawa

Jawabin yau a kan wasu mutanen Turai ne waɗanda suka kwana a ƙasarsu, suka wayi gari a ƙasar wasu. Ran 4 ga Yuni 1920, bayan Yaƙin Duniya na Farko, aka sa hannu a yarjejeniyar Tiriyanon a Faransa, aka yanke wa Hangari wajen kashi biyu cikin uku na ƙasarta. Hangarawa kimanin miliyan 3 suka tsinci kansu ƙarƙashin tutar maƙwabta. Ba ci-rani suka tafi ba, ko tabarma ba su naɗe ba, iyaka ce ta tsallake su.

A 2009 majalisar Silobakiya ta gyara dokar harshe, ta sa tarar da ke iya kaiwa Yuro 5,000 a kan saɓa wa ƙa'idar amfani da harshen ƙasa a harkokin hukuma. Zaɓaɓɓun wakilai ne suka yi ta, ba soja ba. Amma Hangarawan can ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, watau ko kowa ya fito da kwarkwatarsa ranar zaɓe, ba su isa su ture ta ba. Rinjaye yana ba da ikon mulki, amma dokar da masu yawa suka yi wa harshen marasa yawa, ba tare da yardarsu ba, ƙidayar hannuwa kaɗai ba ta mai da ita adalci.

Romaniya sai da aka zub da jini ta farga. A Maris 1990 rikicin ƙabilanci ya ci rayuka a garin Targu Mures. A 1996 jam'iyyar Hangarawa ta shiga gwamnati, a 2001 kuma doka ta yarda a yi aiki da harshen tsiraru a ƙaramar hukumar da suka wuce kashi 20 cikin 100.

Ita ma Hangari ba ta fita zargi ba. A 2010 gwamnatin Viktor Orban ta sauƙaƙa wa Hangarawan waje samun takardar zama ɗan ƙasa, daga baya aka ba su ƙuri'a. A zaɓen 2014 kusan kashi 95 cikin 100 na ƙuri'un da suka aiko ta gidan waya jam'iyyarsa ta Fidesz suka tafi, 'yan hamayya suka yi ta ƙorafi cewa wanda ba ya zaune ƙarƙashin doka yana zaɓen masu yin ta. Silobakiya kuwa tun a 2010 ɗin ta rama da tata dokar: duk wanda ya nemi takardar wata ƙasa ya karɓa, ya rasa ta ƙasar da aka binne cibiyarsa.