BAƘON MALAMI MA YANA BUKATAR FATOMA

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, mai sana'ar riɗi da agushi, ya gabatar a taron wata-wata a Akurba)

 

 Ran da Sakatare ya same ni a rumfa ya ce ni zan yi magana a kan malaman makarantarmu, sai da na yi dariya. Na ce ni da iyakata Islamiyya, me na sani a kan malaman boko? Ya ce ai ba darasi za ka koyar ba, zancen zaman baƙunci za ka yi. Na ce to wannan kam na san shi, don yau shekara talatin ke nan ina kwana a garuruwan mutane.

Kowa a nan ya san abin da ya faru bara. An turo mana ɗan bautar ƙasa mai koyar da lissafi, yaro ɗan ƙasar Ibo, bai cika wata uku ba ya nemi canjin wuri ya tafi. Yaranmu 'yan aji uku na ƙaramar sakandare suka shiga jarrabawa ba malamin lissafi, har da 'yata a ciki. Muka zauna a majalisa muna cewa yaran yanzu ba su da juriya. Ni ma na faɗa. Daga baya na bi sawun abin, kuma abin da na gano bai yi mini daɗi ba.

Yaron nan ya gama mako uku a sansaninsu na Keffi, mota ta sauke shi a bakin hanyar Shendam da jaka ɗaya da bokiti. Ɗakin da muka ba shi kwanonsa yana yoyo. Ga babbar tashar wuta da Shugaba Buhari ya buɗe a nan Akurba a 2022, amma ɗakin malaminmu ko waya ba a ja masa ba. Ba wanda ya nuna masa inda ake ɗiban ruwa, sai da ya yi kwana huɗu yana wanka da ruwan leda. Ya je neman uban wani ɗalibi, ya ga zaure a buɗe, ya wuce kai tsaye har tsakar gida, mata suka watse, aka taso masa kamar ɓarawo. Shi kuwa a garinsu haka ake shiga gida. Wa ya gaya masa ana tsayawa a yi sallama? Azumi ya zo, ya sayi biredi yana ci a bakin shago da rana tsaka, yara suka bi shi da sunan nan da kuka sani, wanda ba zan maimaita ba. Sannan, kuma wannan laifin gidana ne, yaron rumfata ya sayar masa da mudun agushi kusan ninki biyu, wai ai kofa ne, gwamnati na ba su kuɗi. Tun da alawus ɗinsu ya koma naira dubu 77 a 2025 wasu ke musu kallon attajirai. Ku lissafa abinci da kuɗin babur da magani, ku ga abin da zai rage.

To jama'a, mu fa fatake ne. Wane ne a cikinmu ya taɓa sauka garin da bai sani ba ya kwana a tasha? Ka je Sabo a Ibadan, ka je zangon Kumasi, akwai fatoma. Shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kuɗi, ya ce wane mai biya ne, wane kada ka ba shi bashi, unguwa kaza ba a bin ta bayan isha'i. In rigima ta taso shi ne bakinka. Da wannan tsari kakanninmu suka yi fataucin goro har Gwanja. Lafiyar ma da muke ciki, ai Lafiyar Barebari ake ce mata, su Dunama da suka kafa ta asalinsu daga Barno yake. Iyayenmu da suka zo daga Kano da Katsina da Zariya, wani ne ya karɓe su, ya nuna musu fili, ya ce ga inda za ku yi masallaci. Mun san baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Amma buhun riɗi muke nema wa mai masauki, wanda zai koyar da 'ya'yanmu kuwa mu bar shi a titi.

Da ba haka ake yi ba. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta buɗe ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka cika makarantu, malamai suka yi kaɗan. Makarantun Arewa suka cika da baƙin malamai, Indiyawa da 'yan Pakistan da Misirawa, sai kuma 'yan Gana. Ɗaya daga cikin 'yan Ganan nan a shagon ƙofar gidanmu ya zauna, cikin garin Lafiya. Ni ban yi boko ba, amma ni ke kai masa tuwo. Ranar farko da ya ga miyar kuka ya daɗe yana kallonta, ya ci loma biyu don kunya ya rufe kwano. Da Inna ta ji, ba ta yi fushi ba, washegari ta sa aka daka masa sakwara da miyar gyaɗa. Kafin shekara shi da kansa yake aiko ni in tambaya ko akwai ɗumame. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya zaunar da shi ya koya masa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ta safe, ta gajiya, ta rashin lafiya, ta mutuwa. Ya kai shi wurin mahauci ya ce wannan baƙona ne. Ran Lahadi ya sa yayana ya raka shi har ƙofar coci, don kada ya ɓata. Shi kuma da dare yakan tara mu a gindin fitilar ƙwai. Lissafin da nake cin abinci da shi yau, na buhu da mudu da riba, a wurinsa na koya, kyauta.

A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ce baƙin da ba su da takardu su bar ƙasa cikin mako biyu, aka ƙara wa masu sana'a irin su malamai wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. Mutane suka yi ta sayen kayan 'yan Gana a wulaƙance. Mahaifinmu ya sayi gadonsa da rediyonsa a kan kuɗin da ya saye su, ya raka shi tasha. Rediyon nan tana gidanmu har yau, ba ta magana, amma ba a yar ba.

Wani zai ce wannan zamanin da ne. To bari in kai ku nesa. Ɗan ƙanena ya yi karatu a Koriya ta Kudu, kuma da ya dawo na tsare shi da tambaya, kun san halina. Ya ce tun 1995 gwamnatinsu ke da shiri mai suna EPIK, na ɗauko malaman Turanci daga waje zuwa makarantun gwamnati. Akasarinsu daga Amurka da Ingila da Kanada da Ostareliya suke, a Afirka kuwa daga Afirka ta Kudu. Baƙuncin can ya fi namu tsanani. Rubutunsu daban, ko allon shago ba za ka iya karantawa ba. A ƙofar makaranta kowa ke tuɓe takalmi ya sa silifa. Ba ka miƙa wa babba abu da hannu ɗaya, sai da biyu. Mutum na ganinka zai tambayi shekarunka, kai ka ɗauka rashin kunya ne, alhali harshensu ne ba ya barin ka yi wa mutum magana sai ka san ko ya girme ka. Abincin rana a makaranta ake ci tare, shinkafa da romo da wani kabeji mai yaji da tsami da suke kira kimci, kullum. Shara ma sai a cikin leda ta musamman da ake saya, in ka zuba a wata a ci ka tara. Ga sanyin da ruwa ke daskarewa. In Musulmi ne kuma ga naman alade ko'ina, ga liyafar ma'aikata da ba ta rabuwa da giya, ko da yake akwai babban masallaci a birnin Seoul tun 1976.

Na ce to yaya suke zama? Ya ce Baffa, ai ba a sakin su haka. Kafin malami ya shiga aji sai an yi masa kwanaki ana koya masa al'adun ƙasa. Ana ba shi ɗaki da gado da firji, da ɗan kuɗin sayen tarkace. Sannan a haɗa shi da malami ɗan ƙasa guda, wanda zai kai shi banki, ya kai shi ofishin baƙi, ya nuna masa motar da zai hau, ya gaya masa abin da shugaban makaranta yake nufi in ya yi shiru. Ya ce duk da haka wasu kan gudu, kaɗaici ba shi da magani a kanti, amma wanda ya dace da abokin kirki har sabunta kwantaragi yake yi. Na ce kai, wannan ai fatoma ne! Su sun sa shi a takarda sun ba shi kasafi, mu da muka gada mun bar shi a kasuwa.

Ba na cewa mu yi gasa da Koriya, ba mu da firjin raba wa kowa. Abin da nake roƙon wannan taro shi ne, duk malamin da aka turo mana, ko ɗan bautar ƙasa ne, ko Eggon ne ko Alago ko Tibi da ya zo daga wata ƙaramar hukuma, ko ma Bahaushe ɗan'uwanmu da bai san Lafiya ba, a ba shi gida guda da zai zama nasa. Maigidan ya tarbe shi, ya kai shi ya gaida mai unguwa, ya zaga da shi wurin mai shago da mai nama da mai kemis ya ce wannan nawa ne. Wannan kalma kaɗai ta isa ta gyara farashi. Ya gaya masa abin da ba a yi tun kafin ya yi, ba sai ya yi a taru a kansa ba. In Kirista ne a nuna masa cocinsa, kamar yadda aka nuna wa iyayenmu filin masallaci. In mace ce, iyayenmu mata, wannan naku ne, don akwai tambayar da ba za ta iya yi wa namiji ba. Kuma don Allah mu ja wa yaranmu kunne a kan sunayen banza. A bakinmu suke ji.

Sai maganar ɗaki. Na kai kafinta ya duba, ya ce sai an canja kwano shida da katako biyu, a kuma ja waya daga ofishin hedimasta. Ni na ɗauki kwanon, in biya bashin agushin nan. Saura katako da waya da katifa, Ma'aji yana nan da littafinsa. Hedimasta ya rubuta takardar neman malamai biyu a rukunin da ke tafe, na lissafi da na Turanci, saboda haka gida biyu muke nema. Na farko na rubuta nawa. Wanda zai ɗauki na biyu ya ga Sakatare bayan sallar magariba, kafin a watse.