Maganar Hakimi a Ranar Firgita: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Ran 20 ga watan Yuli na 2014 wani mutum ya sauka Ikko daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Ma'aikatan lafiya suka tashi tsaye, suka bi sawun mutum wajen ɗari tara waɗanda ake tsoron sun kamu, ana duba kowane har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta ƙare a Nijeriya. Ba ta wuce Ikko da Fatakwal ba.

Amma abin da cutar ta kasa, jita-jita ta yi. A farkon Agusta, cikin dare ɗaya, labari ya bazu ta wayar hannu wai wanda ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha, ya tsira. 'Yan'uwa suka yi ta tā da juna daga barci. Kafin Ministan Lafiya ya ƙaryata, an riga an sha. Aka ba da labarin rasuwar mutum biyu a Jihar Filato, wasu kuma aka kwantar da su asibiti, alhali cutar ba ta taɓa zuwa wurinsu ba. Gama gishiri mai yawa guba ne, balle ga mai hawan jini.

Abin lura a nan shi ne, mai jin tsoro ba ya zama ba labari. In bai ji daga bakin shugabansa ba, zai karɓa daga bakin kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka lalle ne Hakimi ya shirya maganarsa tun ana zaman lafiya, ko don annoba, ko ambaliya, ko gobara.

Na farko, malamin Hakimi ya ajiye littafi mai sunayen dagatai, da masu unguwa, da limamai, da sarakunan kasuwa, da malamin asibiti, da lambar wayar kowa. Ya riƙa sabunta shi kafin kowace damina. Ƙauyen da waya ba ta kaiwa, a san ɗan aiken da zai je, da hanyar da zai bi in rafi ya kawo.

Na biyu, baki ya zama ɗaya. Hakimi ya tabbatar da labari daga likita ko Ƙaramar Hukuma, malami ya rubuta shi gajere, sa'an nan mai shela da liman da dagaci su faɗe shi yadda yake, ba daɗi ba ragi.

Na uku, sanarwa ta ƙunshi abu uku: abin da ya auku, abin da ba a tabbatar ba tukuna, da abin da kowane maigida zai yi yau. A kuma faɗi lokacin da za a sake magana, a cika alkawari.

Na huɗu, kada a ɓoye ɓarna don gudun kunya ko don kwantar da hankali. Talakawa su ke binne mamatansu, sun san adadinsu. Hakimin da ya rage lissafi sau ɗaya, ba za a gaskata shi ba ran da ya ce a tashi daga bakin kogi.

Na biyar, dagatai su kawo kowace jita-jita da suka ji a kasuwa, kome rashin kan gadonta, malami ya rubuta da kwanan wata, a amsa ta kafin faɗuwar rana.

Duk wannan aikin yau ne, domin ba a fafe gora ran tafiya. Allah ya kiyashe mu da masifa, ya ja zamanin Sarki. Amin.