Jinin Tunkiya da Gubar Dalma: Binciken da Ya Kamata Sakkwato Ta Yi

Lacca da aka gabatar a Gidan Igwai, Sakkwato

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, bari in shiga magana.

Ba sai na ba ku labarin 2010 ba. Ƙauyukan Dareta, Yargalma, Abare, Bagega, duk kun san sunayen nan. Yara aƙalla 400 suka rasu a Anka da Bukkuyum saboda dalmar da ke cikin dutsen zinaren da ake niƙawa a tsakar gida, kuma Bagega ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai 2013. A 2015 abin ya ɓulla a Rafi ta jihar Neja. A 2024 ga shi a gidanmu, a Isa: yara da kumburin ciki, gwajin farko kuma ya nuna dalma da kuromiyom a jinin wasunsu. Tsarin da muka saba shi ne a zo a auna jini, wanda awon dalmar jininsa ya kai 45 a ba shi maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, a rubuta rahoto, a tafi. Aikin ceto ne, Allah ya saka wa waɗanda suka yi shi da alheri. Rigimata da hukumomi da wasu abokan aikina ita ce an mayar da awon jini ƙarshen ilimi. Dalma tana raguwa da rabi a jini cikin kamar wata guda, amma a ƙashi gomman shekaru take zama. Lambar da na'ura ta nuna ba ta faɗa mana abin da ƙwayar halitta ke yi da ƙarfen da ya shige ta ba.

Ƙwayoyin halittar jikinmu suna fitar da wasu 'yan jakunkuna masu ɗauke da furotin da sauran kaya, su sake su cikin jini da fitsari da nono. Waɗanda ake kira eksosom girmansu nanomita 30 zuwa 150 ne, sai an jera kusan dubu kafin su cika kaurin gashi ɗaya. Abin da nake so ku riƙe shi ne yadda aka gano su, domin a kan ƙarfe aka gano su, kuma a jinin tunkiya.

A 1983 Rose Johnstone ta jami'ar McGill a Kanada tana nazarin jajayen ƙwayoyin jini na tumaki, waɗanda ba su gama nuna ba. Irin wannan ƙwaya mayunwaciyar ayon ce. Kowace guda za ta ɗauki himogulobin kusan miliyan 270, kowane ɗaya da ƙwayar ayon huɗu, jiki kuma yana ƙera irinsu wajen miliyan biyu a kowace daƙiƙa. Saboda haka bayanta cike yake da makamai da take cafko furotin ɗin da ke dakon ayon a jini, wato taransifarin. Da ta nuna, makaman sai su ɓace. Ina suka tafi? Johnstone ta ga ƙwayar tana ƙunshe su a 'yan jakunkuna ta zubar waje. A shekarar dai, Philip Stahl da ɗalibinsa Clifford Harding a Amurka suka ga abu iri ɗaya a jinin ɓera. Su sun manna wa taransifarin ɗin ƙurar zinare ne don su bi sawunsa a na'urar hangen ƙananan abubuwa. A 1987 Johnstone ta raɗa wa jakunkunan suna.

To, ku haɗa wannan da abin da kowane ma'aikacin ɗakin gwaji a nan ya sani. Kusan kashi 99 cikin ɗari na dalmar da ke jini a cikin jajayen ƙwayoyi take. Tana tare hanyar da ayon ke bi ya shiga himogulobin, sai zinki ya maye gurbinsa. Ka shafa ɗigon jinin yaron da dalma ta kama a kan gilashi, ka rina shi, ka leƙa: za ka iya ganin ɗigo-ɗigo masu shuɗi warwatse cikin jar ƙwayar. Tarkace ne da ya kamata ƙwayar ta share lokacin da take nuna, dalma ta hana. Ƙwayar da dalma ke lalata wa shara ita ce ƙwayar da aka fara gani tana zubar da jakunkuna, kuma a daidai wannan matakin na rayuwarta. Shin dalma tana canza yawan jakunkunan? Tana shiga cikinsu ta isa ƙoda ko ƙwaƙwalwa? Shekaru nake ta yin wannan tambayar a taruka, kuma mu ne muka fi kowa dalilin neman amsarta.

Sauran hujjojin zan taɓa su a gurguje. A 2018 an nuna cewa feritin, rumbun ajiyar ayon, yana fita ta waɗannan jakunkuna. A 2019 aka ga ƙwayoyin sankarar mama suna zubar da ayon ta wannan hanyar don su tsira. A shekarar kuma masu bincike a Iowa suka nuna manganis yana sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa fitar da jakunkuna masu ɗauke da furotin ɗin da ake alaƙantawa da cutar makyarkyata, har suka ga alamar haka a jinin masu walda. Masu walda kuwa ba mu rasa su a kowane titi na garin nan ba. Ƙwayar tarin fuka ma idan ta rasa ayon jakunkuna take saki don ta samo shi.

Na san abin da za a ce: ba mu da wuta, ba mu da na'urar juya jini mai ƙarfi, kuma wannan bincike ne na masu kuɗi. Akwai hanyar tacewa mai sauƙin kuɗi da ake ware jakunkunan bisa girmansu, rana kuma ba ta yi mana rowa ba. Masu cewa a fara da share ƙasa, ban musa ba, a share. Masu sharar daban, masu binciken daban.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa da tsangayar likitancin dabbobi a gari ɗaya. Tumakin da ke kiwo a yankunan haƙar zinare suna shan ruwan da yara ke sha, suna lasar ƙasar da yara ke wasa a kai. A haɗa likitocin mutane da na dabbobi, a kwatanta jinin waɗannan tumaki da na tumakin da ba su taɓa zuwa can ba. Duk lokacin da aka ɗebi jinin yaro don awon dalma, a nemi yardar iyayensa a ajiye wani ɓangare a firjin da ke kai 80 ƙasa da sifili, mai aiki da hasken rana, a nan Sakkwato, da rajista a hannunmu. A haɗa da fitsari, tunda tun 2004 aka nuna jakunkunan da ke cikinsa suna ɗauke da furotin ɗin ƙoda, kuma uwa ba ta gardamar ba da fitsarin ɗanta kamar yadda take gardamar allura. A riƙa auna ayon ɗin kowane yaro tare da dalmarsa, domin ƙofa ɗaya suke bi a hanji, yaron da ayon ya yi wa ƙaranci ya fi zuƙar dalma. Sannan a tura ɗalibai kasuwa su sayo kwallin da ake sa wa jarirai a ido, a auna shi a ɗakin gwajinmu a ga ko akwai dalma a cikinsa, sakamakon kuma a karanta shi a rediyo da Hausa.