Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Zan Gane Zafin Kwamfutata Ya Wuce Kima?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai shagon buga takardu da wanke hotuna a bakin tasha. Ya ce yaronsa ya ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfutarsa gudu fiye da yadda kamfani ya ƙayyade, ga shi yanzu tana huci, wani lokaci ma ta mutu ana tsakiyar aiki.

To Malam, abin da yaronka ya yi tamkar ƙara wa jaki kaya ne. Zai ɗauka, amma a jikinsa zai ji. Ƙarin gudu yana bukatar ƙarin ƙarfin wuta, ita wuta kuwa zafi take haifarwa.

Kada ka auna da tafin hannu a jikin akwatin, domin zafin yana can ciki. Ƙwaƙwalwar tana da nata ma'auni, kuma akwai manhajoji na kyauta, irin su Core Temp da HWMonitor, masu nuna shi. In ba ta aikin komai, digiri 30 zuwa 50 ba laifi. Amma wannan lamba ba ta isa shaida ba, sai an ɗora mata aiki mai nauyi. A kunna manhajar Prime95 na minti 30, ana lura. In ta tsaya ƙasa da 80, lafiya lau. Tsakanin 80 da 90, a sa ido. In ta haura 90, a dakatar da gwajin.

Dalili kuwa shi ne, iyakar yawancin ƙwaƙwalwar Intel digiri 100 ce, ta AMD Ryzen 7000 da ta fito a 2022 kuwa 95. Da ta kai iyaka sai ta rage gudu da kanta, in abin ya faskara ta kashe kanta. Ka ga ke nan gudun da aka nema ya tafi a banza, ga kuma rage mata kwana.

Ka kuma yi la'akari da yanayi. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru a shago, kusan haka zai ƙaru a ƙwaƙwalwar. In ka auna 78 da sanyin hunturu, a watan Afrilu shagon ya ƙara zafi da digiri 15, to ka tasam ma 93. Saboda haka da tsakar ranar bazara ake gwaji.

Maganin kuwa ga shi. A kashe ta, a zare wayar wuta, a buɗe akwatin, a hure ƙurar da ta toshe fanka da ƙarfen da ke zuƙe zafi, kamar dai yadda ake share lagireton mota. Ban da ruwa! Akwai wani mai da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen. In ya bushe, mai gyara ya goge ya sa sabo, kamar ƙaramar ƙwayar wake. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a matsar da shi daga jikin bango, iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya.

In duk an yi wannan zafin bai sauka ba, yaron ya shiga saitin BIOS ya mayar da komai yadda kamfani ya tsara. Gaskiyar magana, buga takardu ba ya bukatar wannan gudu, kuma sauri kan haifi nawa. Kwamfutar nan jarinka ce, Malam.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.