Dara da Jari: Darasi ga Mai Sabuwar Sana'a a Ƙasar Garki



Duk wanda ya ratsa garuruwan ƙasar Garki, a masarautar Ringim, da rani bayan an kawar da amfanin gona, ba zai rasa ganin dattawa a gindin bishiya sun duƙufa kan dara ba. Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, wasan nan yana ƙunshe da darasi ga mai kafa sabuwar sana'a, musamman ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, ko ɗalibin da ya kammala karatu bai sami aiki ba.

Dara tana da gurabe 30, kowane ɗan wasa kuwa yana da 'ya'ya 12. Da farko akan zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga turawa, wanda ya jera uku sai ya ci ɗan abokin karawarsa. Gwanaye sun san tun wurin zubi ake cin wasa ko a faɗi. Haka jari yake: ranar da aka kasafta shi, ran nan ake yanke wa sana'a hukunci, ba ranar kasuwa ba.

Wanda ya cunkushe 'ya'yansa a kusurwa guda, tare shi ba wuya. Tarihin gyaɗa ya isa shaida. Bayan da layin dogo daga Kano zuwa Nguru ya bi ta Ringim, manoma da 'yan kasuwa na wannan yanki sun dogara ƙwarai ga gyaɗa. Da farin farkon shekarun 1970 ya auku, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, sai waɗanda ba su da wata madogara suka durƙushe. Kazalika, rufe kan iyaka a 2019, da kuma a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ya girgiza masu harka da kasuwar Maigatari kaɗai.

Bugu da ƙari, in an gama zubi, gurabe 6 ne kacal ke saura, kuma da su ake motsi. Wanda ba shi da gurbin turawa ya zama fursuna, kome yawan 'ya'yansa. Gurbin ɗan kasuwa shi ne kuɗin hannu. Wanda ya juye jarinsa duka a riɗi ko zoɓo, ko ya rabar da shi bashi ga dangi don kunya, in farashi ya faɗi, dole ya karyar da kaya. Nan ne Bahaushe ke cewa dara ta ci gida.

Sai dai kwatancin yana da iyaka. A dara, sai wani ya faɗi wani ke ci, amma a kasuwar Gujungu, maƙwabcin rumfa yakan zama mai tsaron kaya da mai ba da rance ranar tsanani. Kuma a dara ba a sauya doka ana tsakar wasa, alhali fari da manufar hukuma ba sa neman izinin kowa.

Saboda haka, kafin mai sabuwar sana'a ya tambayi ribar da zai ci, ya fara tambayar kansa: in aka toshe wannan hanya, ina gurbin turawa? In ba shi da amsa, to, zubinsa bai kammala ba.