Jinin da Inna Ta Bayar: Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Kiwon Lafiya, Kankiya

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakiman Kankiya da Kusada, Allah ya ja zamaninku. Shugaban makaranta da malamai, iyaye, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau.

An nemi in yi nasiha, amma ina roƙon izini in ba da labarin mahaifiyata, mutuniyar Kusada, Allah ya jiƙanta. Ba ta daɗe da cika shekara 30 ba idonta ɗaya ya dushe, ya washe. Shekara ta zagayo, ƙafa ta yi nauyi, ita ma ta saki. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce iska. Sai da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta a Kano muka san sunan ciwon: MS. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya gaigaye wayar lantarki. Wani likitan Faransa, Charcot, ya bayyana shi tun 1868. A 2020 kimanin mutum miliyan 2.8 ne ke fama da shi a duniya, mata sun fi yawa.

Zafi na tayar da shi. Inna ta gane haka kafin likita ya faɗa mata. In bazara ta kama, sai ta jiƙa mayafi ta yafa, ta gama aikinta da sanyin safiya. Da tafiya ta gagara, a zaune ta ci gaba da biya wa yaran unguwa karatun allo.

Wata rana likitoci suka nemi jininta da takardun jinyarta don bincike. Dangi suka yi turjiya, kun san yadda muke tsoron ba da jini. Ita abu ɗaya ta tambaya, ko zai amfani wani bayanta. Aka ce ana sa rai. Ta dangwala yatsa, ta ce sadaka ce.

Kada ku raina irin wannan kyauta. A 2022 masanan Jami'ar Harvard sun bi bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, suka gwada jinin da aka adana, suka nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin ciwon da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Mu kuwa abin da aka rubuta game da majinyatanmu kaɗan ne ƙwarai.

'Ya'yana, ku ne za ku fara ganin irin su Inna a ɗakunan shan magani na ƙauye. In matashiya ta ce gaɓarta na mutuwa tana farfaɗowa, kada ku sallame ta da maganin ciwon jiki. Ku saurare ta, ku rubuta da kyau, ku tura ta babban asibiti. In za a nemi jininta don bincike, a yi mata bayani da Hausar da take ji, a jira amincewarta.

Allah ya sa albarka a karatunku.